Ayarin Tsofaffin Fijo: Daga Riko Zuwa Maraɗi

A Ingila, duk Lahadin farko ta watan Nuwamba, wasu masu hannu da shuni kan yi sammako da motocin da aka ƙera kafin 1905, su jero daga Landan zuwa garin Brighton da ke bakin teku, tafiyar mil 60 ko kusa da haka. Ba tsere ba ne, burin kowa dai ya isa. Tunawa suke da 1896, shekarar da aka sassauta dokar da ta hana mota wuce saurin mai tafiya a ƙasa. Mota ta mutu a hanya, a sauko a tura, jama'a na tafi, ana ɗaukar hoto. Ranar da wani ƙanena ya nuna mini haka a wayarsa a tashar Jibiya, dariya na yi har da ƙwalla. Abin da Bature ke jira shekara guda ya yi don nishaɗi, mu shi muke yi kullum, ba kuma mai tafa mana. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mu ma muna da ayarinmu, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba. Kai amarya ne, ko gaisuwar rasuwa, ko ziyarar dangi bayan sallah: a taso daga Riko, a faɗo Jibiya, a bi ta Magama, a tsallaka Ɗan Isa, a dire Maraɗi. Na shiga irin wannan ayari ya fi a ƙirga, kuma na lura motoci kan sauya, amma mutanen su ɗin ne dai.

Na farko shi ne shugaban tafiya. Ba wanda ya zaɓe shi. Ya riga kowa ɗauko biro ne da bayan kwalin sukari, ya fara rubuta sunaye. Shi zai ce ƙarfe bakwai daidai za a tashi, wanda ya makara ya biyo sawu. Bakwai za ta yi masa a wurin mai shayi, tara a wurin mai faci, sai a wayi gari ana cewa tun da azahar ta kusa, gara a yi salla a tafi da alwala. Kuɗin mai da ya tara kuwa ba ya taɓa cika, kuma ba ya taɓa ragowa.

Sai Alhaji mai 504, wanda shi ne uban tafiyar ko da bai ce uffan ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya ci zamanin ƙarin albashin Udoji, ya samu bashin mota, ya karɓo Fijonsa sabuwa dal daga kamfanin da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975. Bai yarda akwai wata mota bayanta ba. Zai gaya maka a Faransa aka fara fito da 504 a 1968, gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai, kuma Faransawan da kansu sun daina yin ta tuntuni alhali Kaduna na ci gaba har bayan shekarar 2000. Duk gaskiya ne, matsalar dai sau ɗari ka ji. Rumfa ta musamman ya yi mata, wadda ta fi ɗakin baƙinsa kyau. Kullum da safe sai an wanke ta, an tayar da injin ya ɗumama, an kashe, an rufe da tamfol. Ledar da ta zo da kujerun baya har yau tana nan, ta yi ja kamar kilishi. In jika ya jingina da ita, sai ka ji, "Kai, tashi! Sa'ar ubanka ce." Kuma ba zagi ba ne, lissafi ne.

A hanya Alhaji ba ya wuce giya ta uku. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Amalanken shanu ya taɓa tafiya kafaɗa da kafaɗa da mu har mai shi ya yi mana sannu, ya tambayi mutanen gida, muka amsa masa dalla-dalla. Ka ce, "Baba, a ɗan taka mana, kada dare ya yi," ya dube ka ta madubi ya ce, "Yaro, wadda ka ga ta kai yau ba da gudu ta kai ba." Na daina ja da shi, don sau da yawa shi ke fara isa. Masu gudun muna wuce su a gindin bedi, bonet a buɗe.

Akwai kuma malam a-ɗan-taɓa. Kikin motarsa ya mutu tun ba a haifi babban ɗansa ba, bai kuwa ga dalilin gyarawa ba tunda Allah ya hore fasinja. Ba ya ajiye mota sai a gangare, ya san duk wani tudu tsakanin Jibiya da Maraɗi kamar yadda makiyayi ya san mashaya. Wurin zaɓen waɗanda za su shiga motarsa, ba zumunci yake dubawa ba, ƙwanji yake dubawa. In ya yi maka fara'a ya ce, "Ɗan samari, zo nan gaba," kada ka ɗauka ƙauna ce. Ƙofa ɗaya ke buɗuwa, ita ma daga waje. Marikin gilashi ɗaya ne, yana aljihunsa, sai ka roƙa a miƙo maka, ka sauke, ka mayar.

Bakanike shi ne wanda ba a tafiya sai da shi, ko da kuwa ba a gayyace shi bikin ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ranar tafiyar yake sauke kafireta. Ba ya amfani da na'ura, kunne gare shi: ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Ƙara totur... sake... fulogi na uku ne." Ka duba ka tarar haka ne. Lagireto na yoyo, ya liƙe da sabulu. Tiyo ya tsage, ya ɗaure da robar tsohuwar taya. Mai ya ƙi hawa, ya tsotso da baki ya tofar, ya nemi goro. In ya gama haɗa inji, kullum sai noti biyu ko uku sun rage a tabarma. Ka tambaye shi, ya ce, "Maigida, Bature ne da ɓarna, waɗannan ƙari ne." Ya zuba su a aljihu. Ina zargin da ragowar notunan nan ya haɗa akori-kurar da yake hawa.

Kada in manta da masanin baki, wanda ko keke bai mallaka ba amma gidan gaba nasa ne. Shi zai ba ka labarin tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978, yadda motoci ke ratsa Agadas cikin ƙura, da yadda samarin Turawa kan keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da tsofaffin Fijo, su sayar a Nijar, su hau jirgi su koma gida. Zai ce 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Zuwa nan duk ba ƙarya. Daga nan ne ake shiga daji: sai ka ji shi ya nuna wa direban hanya, har Baturen ya so ya ba shi 'yarsa. Da mota ta tsaya kuwa, shi ne mai ba da umarni. Hannu a baya, yana cewa, "Ku tura da zuciya ɗaya!" Bayansa na ciwo tun ranar da aka fara turin mota a duniya.

Ɗan fito daban yake, don shi ba son tsohuwar mota ya sa shi riƙe ta ba, sana'a ce. Ya cire kujerun baya, ya ƙara mata sifirin har gindinta ya ɗaga sama kamar fara. In babu kaya sai ta riƙa tsalle, dole ya nemi masu jiki ya zuba a baya. Shekarun 'ya'yansa sai ya tambayi uwarsu, amma ya haddace tarihin iyaka: an rufe a Agustan 2019, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, an buɗe ta Jibiya a Afrilun 2022, an sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, an buɗe a Maris na 2024. A ayarin biki shi ne mafi takura. Kwalta na gundurarsa, yana ta kallon burtali da labi kamar mai kewar gida. Takardunsa yau cikakku ne, kayansa gara ce da tukwane, amma da ya hango shinge sai ƙafarsa ta fara rawa. Sabo ne.

Dillali shi kuma ba biki ya zo ba, kasuwa ya zo. Duk motar da ya dafa, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017 yake cewa motar kwatano ta yi wuya, amma kullum yana da "guda ɗaya tak da ta rage". Shekara goma yana zawarcin motar Alhaji. Ya kushe ta da safe, ya taya da yamma.

Gwaggo ce kaɗai ba ruwanta da ko Fijo ce ko Marsandi. Ita dai a ɗora mata kwallaye da buhun gero da 'yar akuya, a kuma bar mata bakin taga. Daga tashi har sauka carbi na hannunta. Duk ramin da aka faɗa sai ta yi salati, duk motar da ta wuce mu sai ta ce, "Allah ya shirya." In an tsaya gyara, kafin bakanike ya gano ciwon ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta yi ƙawa a ƙauyen, har an gano ashe dangi ne. Ni a ganina ita ce ta fi kowa fahimtar tafiyar nan.

Da an tsallaka sai ga ɗan'uwanmu na Maraɗi ya taro mu, da tasa tsohuwar da harshensa. Mu ce kwastan, ya ce duwan. Mu ce lasin, ya ce farmi. Mu ƙirga naira, ya mayar sefa ya yi murmushi. Shi da Alhaji sai su zagaya motocin juna kamar masu taya doki, a fara gardamar da ba ta ƙarewa: haɗin Faransa ya fi, ko haɗin Kaduna? Ba a taɓa rabuwa da yarda ba, ba a kuma taɓa rabuwa ba a yi musanyar fanbel ba.

Na baya-bayan nan shi ne ɗan zamani mai waya. Da can kunyar shiga motar kakansa yake, yanzu ya gano ana samun mabiya da ita a TikTok. Ya jingina, ya sa tabarau, ya ɗauka. Lokacin turi ma yana nan, amma ɗaukar masu turin yake.

An aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kuma ta Jibiya zai bi. Na tambayi Alhaji ko zai hau in an gama. Ya ce jirgin da ba zai tsaya maka ka gaisa da suruki a hanya ba, mene ne amfaninsa?

Akwai wata kai amaryar bayan sallah, an ce ƙarfe bakwai daidai. Mai son zuwa ya taho wajen sha ɗaya, da jarkar ruwa da takalmin da ba ya santsi.