Rarar Zakaru da Masu Su

Kaza ta yi kwana 21 tana kwanci, ta fito da 'yan tsaki goma, gida ya ɗauki murna. Ba wanda ke tuna cewa kusan rabinsu maza ne sai bayan wata huɗu ko biyar, ranar da zanko ya yi ja, aka ji wata shaƙaƙƙiyar cara kamar ta yaron da muryarsa ke buɗewa. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Sauran ba ƙwai, sai cin dusa, da dambe, da tsige wa kaji gashin baya. Daga nan ake gane halin masu gida.

Na fi jin tausayin mai jiran Sallah. Shi ɗan lissafi ne. Mai kaji ya tsaya da babur a ƙofar gida, ya ɗaga zakara ya jinjina, ya taɓa ƙirji, ya yi tayi. Shi kuma ya ce albarka, ai ana gobe Sallah kuɗin zai ninka. Kullum yana auna musu dawa yana ƙirga riba a zuci. Sai hunturu ya shigo da ciwon nan da ke murɗe wa kaji wuya, wanda ake yin allurar rigakafinsa a Vom, amma bai saya ba. Cikin mako guda akurki ya zama wayam. Ka same shi da asuba da wuƙa a hannu yana bin wanda ke layi, wai kada ya mutu mushe.

Sai gidan da kowane zakara ke da uba. Ja na Auta ne, wake-wake na Yaya ne da ke makarantar kwana, baƙin kuma kaka ce ta ba jikarta tun yana tsako. Mai gida shi ke sayen dusa, amma ko gashi ɗaya ba shi da iko da shi. Ya ce a kama ɗaya a yi farfesu, uwargida ta ce, "Malam, na wa?" Shi ke nan, an koma miyar kuka.

Mai jiran baƙo ma yana nan. Zakarunsa na baƙi ne, sai dai har yau baƙon da ya isa a zubar masa da jini bai zo ba. Ƙanin mahaifinsa ya zo, aka ce ai na gida ne. Suruki ya zo, aka ce bai kwana ba. Zakaran ya shekara uku, ƙaimi ya kai tsawon yatsa. Ranar da aka yanka shi, itacen da aka ƙona kafin naman ya nuna ya fi kuɗinsa.

Mai kyauta ba ya daɗewa yana tunani: ya miƙa wa maƙwabci ta kan katanga. Da magariba zakara ya tsallako ya hau bishiyar da ya saba kwana. Yanzu ci a gidan da, cara a gidan da, mallaka kuwa ta maƙwabci.

Akwai kuma wanda ba ya sayar da baƙin zakara ko fingi a kasuwa, yana jiran mai buƙata, irin wanda ke zuwa bayan isha yana waige-waige, ba ya neman ragi. Wannan ba na son in yi dogon bayani a kansa, unguwarmu ɗaya.

Wadda na sara wa ita ce tsohuwar da ba ta shawara da kowa. Tana jin cara ta biyu a gida, sai ta ɗora ruwan zafi, ta leƙa zaure ta kira almajiri babba. Jikoki na kuka, tana cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Kajinta sun fi na kowa sheƙi, ƙwai kuma ba ya yanke mata.

Ni da ke wannan surutu, zakaru biyar gare ni da kaji huɗu, kuma maƙwabcina ya daina amsa gaisuwata ta safe. Mai karatu, in hanya ta biyo da kai, ka shigo. Amma ka zo da shirin kwana.