Kwaɗo Ba Ya Mutuwar Fuju'a

Hausa ta tara abu uku a suna ɗaya: akwai kwaɗon tafki, akwai kwaɗon zogale, akwai kuma kwaɗon ƙofa. Na tafki in ya yi kuka kowa ya san ruwa ya sauka. Na zogale in ya kwana hanci ke ba da labari, kuma ba a gardama da shi. Na ƙofa ne kaɗai zai yi wata shida yana kuka a hannun mai shi, safe da dare, ba wanda ya ce masa sannu. Ranar da ya cika sai ka ji maigida a bakin ƙofa yana rantsuwa: "Wallahi jiya-jiyan nan lafiya lau yake!"

Ba haka ba ne, Allah gafarta Malam. Kwaɗo da kuba jinya suke yi, doguwa kuwa, kuma ba ciwon da suke ɓoyewa. Ni dai tsakanin Madawa da Buza da Keita na lura cewa in kana son sanin halin mutum, ba sai kun yi tafiya ko ciniki tare ba. Tsaya bayansa kawai lokacin da ƙofarsa ta ƙi buɗuwa.

Sarkin masu irin wannan ƙofa shi ne mai lallashi. Shi a ganinsa kubarsa ba ta lalace ba, wayo ta yi, ta san mai ita. Raka shi gida bayan isha'i ka sha kallo. Zai zura lakile har ƙarshe, sannan ya jawo shi baya kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gero. Ya tokare ƙyauren da gwiwa, ya kama mariƙi da hagu ya ɗaga sama, ya karkata kai yana saurare kamar mai zaɓen kankana, ya karkaɗa makullin sau uku, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ƙaras! Sai ya waiwayo da murmushin wanda ya ɗauko takobin kokowa ya kawo Tawa, ya ce maka: "Ka gani? Duk garin ga ba mai buɗe ta in ba ni ba." A lissafinsa wannan ƙarin tsaro ne da ya samu kyauta.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen kuwa ba asiri ba ne. Irin kubar da ta cika kasuwanninmu, wadda Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya daidaita tsarinta tsakanin 1861 da 1865, tana da 'yan ƙusoshi ƙanana a jere, yawanci biyar ko shida, kowace da tsawonta da ɗan sifirin mai danna ta. Haƙoran makulli ne ke ɗaga su, sai sun daidaita a layi ɗaya ciki ke juyawa. Makullin tagulla ne, ƙusoshin ma haka, kullum kuma suna gugar juna. Da haƙora sun cinye, layin ba ya cika, sai a nemi cikon da karkaɗawa. Duk rawar nan da mai lallashi ke yi, ƙarfen da ya zaizaye yake biya da wuyan hannunsa.

Da zai zauna gida, da da sauƙi. To amma Ba'adare ne. Ana gama girbi ya ɗaure jaka sai Abijan ko Legas, sirrin buɗe ɗakin hatsi yana wuyan hannunsa ya ƙetare iyaka da shi. Na taɓa isa wani gida da hantsi na tarar da uwargida a ƙofar ɗakin, ta maƙale salula tsakanin kunne da kafaɗa, turmi na jira, yara sun yi cirko-cirko.

"Malam, ta ƙiya."

"Kin jawo shi baya kaɗan?"

"Na jawo."

"Kaɗan na ce, ba da yawa ba! Gwiwa fa?"

"Wace gwiwa kuma?"

Kuɗin kiran da aka ƙone ranar sun kusa sayen sabuwar kuba. Daga ƙarshe yaron mai walda aka kira, ya zo da guduma, bai lallashi kowa ba.

Sai mai mai. Wannan bawan Allah ya yarda akwai ciwo, magani ne dai ɗaya gare shi, kamar bokan da ke ba kowa sassaƙe guda. Makulli ya fara tauri? A ɗiga man gyaɗa. Ya sake? Man ja. Wani har tashar 'yan kabu-kabu yake aikawa a samo masa baƙin mai a murfin kwalba. Kwana biyun farko ƙofa na buɗuwa sumul, ya yi ta yi wa maƙwabta wa'azi. Ya manta ƙasar da yake zaune. Iskar da ta sa tun 1975 aka shiga dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gonaki, ita ce dai ke bi ta ramin makullinsa duk hunturu da buhun ƙura a kai. Mai ya sadu da ƙura, sun zama tuwo, tuwon ya riƙe 'yan ƙusoshin nan gam. Alamar mai mai ba ta ɓuya: makullinsa baƙi ƙirin yake fitowa, aljihun rigarsa ta Juma'a kuma da tambari. Alhali abin da kubar ke so busasshe ne. A hure ƙurar, a goga baƙin cikin fensir, na ɗan makaranta nake nufi ba na zuciya ba, a jikin haƙoran makullin, a zura a zare sau da yawa. In wannan bai yi ba, to ba ƙishi ke damunta ba, tsufa ne.

Mai ƙarfi ba ya cin lokaci, nasa ko namu. Shi duk abin da ya ƙi juyawa raini ne. In kan makulli ya yi wa yatsa ƙanƙanta sai ya zura ƙusa a hujin ya murɗa da hannu biyu. Makullin ya lanƙwashe, ya ɗora a dutse ya miƙar. Wuyansa ya nuna ɗan tsagu siriri kamar gashi, ya ce ai ƙarfen nasara ne. Ban san dalili ba, amma irin wannan makulli ba ya karyewa da rana tsaka kusa da kasuwa. Sai ƙarfe goma sha ɗayan dare, an ɗauke wuta, rabi a hannu rabi a ciki, ana bin gidaje ana sallama a ari filaya.

Akwai wanda nake ɗan tausaya wa, domin rabin maganarsa gaskiya ce: mai ɗora wa damina laifi. Cikin Agusta ƙyauren katako ya sha danshi ya kumbura, sai an bangaje shi da kafaɗa kafin harshen kuba ya faɗa raminsa. "Damina ce," in ji shi, "bari rani ya zo." Rani ya zo, katako ya tsuke, ƙofa ta koma girgiza ko akuya ta gifta. "Iska ce, bari ruwa ya sauka." Haka zai yi ta miƙa ƙararsa daga wannan kotu zuwa waccan shekara biyar. Gaskiyarsa ita ce sau da yawa kubar ba ta da laifi. Ginin ƙasa yana zama, ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren suna saki, ƙofar ta sunkuya, harshe da rami suka daina gaisawa. Shaida tana ƙasa: dubi dokin ƙofar za ka ga zanen rabin wata da gindin ƙyauren ya yi. Gwajin ma ba wuya. Buɗe ƙofar ka murɗa makulli a sarari. In ya juya lafiya, kafinta kake nema, ba mai sayar da kuba ba. Amma shi ba ya neman kowa, domin yana da dutse. A ƙasar Buza ba a sayen dutse, tuntuɓe ake da shi. Tun 1984, da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya, matan yankin suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangaren tuddai don tare ruwa, har duniya ta zo kallo. Gudummawar mutuminmu ga wannan tarihi ita ce dutse guda da ya gangaro da shi bayan ƙofa. Da dare ya isa, ba laifi. Da rana in zai fita, sai ya bar yaro a ciki ya tura dutsen, yaron kuma ya haura katanga.

Mai araha kuwa da ido yake sayayya. Ya tsaya gaban mai tebur ranar kasuwa, ya zaɓi kwaɗon da ya fi ƙyalli, mai ruwan zinariya, ya taya har mai kaya ya fara istigfari. Bai ɗaga shi ya ji nauyi ba, balle ya ja hancinsa ya ga ko yana wasa. Wata uku ruwan zinariyar ya koɗe, sifirin ya mutu, sai an buga hancin da tafin hannu yake kamawa, in aka fizga da ƙarfi kuma ya saki. Irin wannan ni kwaɗon zumunci nake ce masa, domin ba makullin da yake mayarwa baƙo. Na akwatin amarya yana buɗe shi, na shagon maƙwabci yana buɗe shi, wata rana cokalin shayi ma ya gwada sa'arsa. Mai shi ya sani sarai. Ranar da ya ɓatar da makullinsa ai da kansa ya ce wa ɗansa: "Tahi gidan kawunka ka amso nashi, shina buɗewa." Ko a jikinsa. Har godiya ya yi wa kwaɗon da bai ba shi wahala ba.

Kishiyarsa Alhaji ne da ya dawo daga bakin teku da kuɗin bida. Shi ba ya harka da tarkace. Vachette ya sayo, ko wani ƙaton kwaɗo mai nauyin dutsen niƙa, in ya rataya makullin a wuya sai ka ce ma'ajin sarkin Tamaske ne. Yakan kira baƙo musamman ya ɗaga ya ji. Abin da ba ya nunawa shi ne inda kwaɗon ke rataye: ɗan kunnen ƙarfe mai tsatsa, ƙusa biyu ke riƙe da shi, ɗaya ta fito rabi, a jikin katakon da gara ta mayar garin rogo. In ka ja ƙofar, kwaɗo da kunne da ƙusoshi tare suke yi maka rangaji. Ɓarawon da ya zo nan ba zai taɓa kwaɗon Alhaji ba, girmamawa zai yi masa. Ya zare ƙusa biyu, ya jingine shi gefe a kulle yadda ya same shi, in ma bai haɗa da shi ba, tunda ya fi rabin kayan ɗakin tsada.

Wani ciwon kuma ba a jikin ƙarfe yake ba sam, kuma shi ne mutane suka fi ƙin ji. Kuba lafiyayya, tana juyawa kamar agogo, amma ba wanda ya san makullai nawa gare ta a duniya. Dubi mushen da aka yi wa canjin aiki zuwa Keita. Ya kama haya, mai gida ya miƙa masa makulli ɗaya tal a zaren buhu. Kowa ya san sabuwar kuba da 'yan'uwa take zuwa, galibi uku. Ina sauran? Ɗaya na wurin wanda ya tashi bara, ɗaya ya faɗi a hanyar rijiya, akwai kuma waɗanda aka yanka a kasuwa, kwafin kwafi, kowane ya ɗan kauce wa na gabansa kamar labarin da ya bi baki bakwai. Mushe ya karɓa, ya ce madalla, ya kwana da babur a tsakar gida. Dangin wannan su ne Inna mai ɓoyo, wadda ke sa makulli ƙarƙashin turmi ko a saman ƙofa, ta waiga dama da hagu, sannan ta ɗaga murya ta gaya wa maƙwabciya ta kan katanga inda ta sa shi, saboda in yara sun taso daga makaranta.

Mai tawakkali ba zan daɗe a kansa ba, kada a ce na taɓa malamai. Kubarsa ta kai matakin da makulli ke juyawa fululu ba ya kama komai, abin da ke tura harshen ya karye a ciki, wannan kuwa ba jinya ba ce, gawa ce. Ya rataya laya a saman ƙofa ya ce Allah ke tsarewa. Haka ne, ba musu. Sai dai malaman da ya samo wannan wurinsu sun gaya masa a ɗaure raƙumi tukuna, shi ne ya tashi kafin a kai ƙarshen karatu. Na lura kuma akuyarsa kullum a ɗaure take da igiya biyu.

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, saboda haka bari in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni. Ni na bi matakan nan kusan duka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai hawan aji. Na yi lallashi shekara guda, na ɗiga man gyaɗa, na zargi damina. Na ma taɓa kwance kubar da kaina a kan tabarmar kaba, irin ta Madawa, 'yan sifirin suka yi tsalle suka shige saƙar, na tsinto huɗu, kaza ta riga ni ga na biyar. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, da izinin maƙwabtanmu. Washegari na shiga kasuwa da zuciya na sayo sabuwa mai nauyi, makullai uku cur.

Tana nan cikin kwalinta a kan kabad, wata na huɗu ke nan. Kafintan da zai sa mini ita ya tafi Abijan, an ce sai damina ta kusa. Dutsen yana bayan ƙofa.