Zuwa ga Sarkin Fotokwafi na Zazzau

Gaishe ka Bazazzagi, Sarkin Fotokwafi, mai fayil ɗaya takarda ɗari! An ce har yau kana yawo da tsohon fayil ɗin nan a hammata, har da rasidin kuɗin makarantarka na firamare. Ku ne fa masu yi mana tinƙaho da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, wai boko naku ne, mu Kanawa sai lissafin kasuwa. To ga ɗan boko nan, an ce ya cike fom a waya, gumi ya karyo masa.

Ka tuna Disambar 2020, da gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN? Cewa ka yi dabara ce ta ƙirga maka awaki don a sa maka haraji. Waɗanne awaki? Akuyar ɗaya ce tal, ita ma ta Hajiya ce. Ka yi ta cika baki har Afrilun 2022 da aka toshe kira a layukan masu taurin kai. Sai ga ka da aron wayar yaron maƙwabta kana neman agajin Bakano. Ban gaya wa kowa ba, sai 'yan majalisarmu kawai.

Abin da ke kashe ni da dariya, shafin gwamnati ne ba ka yarda da shi ba, amma yaron kafe da ko sunan babansa ba ka sani ba, ka miƙa masa NIN da BVN da ranar haihuwa, ka ɗora masa na goro. Da an turo saƙon tallafin bogi a WhatsApp kuwa, kai ne farkon dannawa, har ka tura mana da "Allah Ya sa a dace".

Amma kada in zalunce ka. Ni ma na taɓa biya a wani shafi, aka zare kuɗin, rasidi ya ƙi fitowa. Na je ofis aka ce babu netwok, in dawo gobe, kuma in taho da fotokwafi biyu. Ranar na kusa ba ka gaskiya. Kusa dai na ce.

Yanzu ga ɗanka zai yi JAMB, kuma tun 2021 ba a rajista sai da NIN. Ku shigo Kano ranar Asabar in koya muku kai da shi, kyauta, albarkacin wasa. Ka taho da fayil ɗin, mai ƙosan layinmu tana neman takardar ƙunshi.