Ranar Da Aka Zo Koya Mana Rairayi

A Bune, idan ka hango farar kat-kat mai dogon eriya ta ɓullo ta hanyar Gure tana tada ƙura, nemi babbar rigarka, ateliye, wato taron bita, ya zo. Ni ma an taɓa sa sunana cikin mahalarta, ban kuwa ƙi ba, don takardar gayyatar ta ambaci kuɗin zama.

An ce ƙarfe takwas. Sha ɗaya saura aka fara, shi ma da gaisuwa. Mai buɗe taro ya gai da wakilin gwamna, magajin gari, sarakuna, malamai, shugabar mata da shugaban matasa, ya roƙi gafarar wanda ya manta. Na bayansa ya ɗauko jerin daga farko, kada a ce bai san manya ba. Mutum huɗu suka yi haka.

Sai gwani ya miƙe. Daga Yamai ya taso, tafiyar kilomita dubu ko kusa da haka, don ya sanar da mu cewa rairayi na cinye kwaruruwanmu na dabino da kanwa. Mu da muke tauna shi a cikin tuwo! Ko Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, da ya ratsa Bune a 1852 kan hanyarsa ta zuwa Damagaram, tambayar mutanen ƙasarmu ta Muniyo ya yi ta yi yana rubutawa. Namu baƙon da amsarsa ya zo a cikin kwamfuta.

Aka rataya farin zanin gado a bango, aka tada janareto, majigi ya haska. Tun 1987 aka fito da PowerPoint don ya taimaki mai magana, amma gwaninmu shi ya koma yaronsa. Ya juya mana ƙeya yana karanta bango, shafi sittin, rubutu kamar jerin tururuwa. Abin da ya ɗauki hankalin jama'a kawai jan ɗigon nan da yake nuni da shi. Yaran da ke leƙe ta taga suna ta bin sa da ido, wata tsohuwa kuma duk sanda ya nufo ta sai ta yi a'uziyya.

Allah ya saka wa tafinta. Gwani ya yi minti goma yana zuba Faransanci, tafinta ya gyara murya ya ce, "Ya ce rairayi ba shi da kyau." Mai juyawa zuwa Manganci ya ga abin ya yi tsawo, ya rage.

Kada in zalunci baƙo, mu ma ba kanwar lasa ba ne. Layin gaba duk barci ake, irin na manya, wanda ake yi da carbi a hannu ana gyaɗa kai kamar an gamsu. Ana cewa burodi da sardin sun iso, kowa ya warke. Da aka ba da damar tambaya, wani Alhaji ya ce tasa ba tambaya ba ce, ɗan ƙarin bayani ne, ya ba mu tarihin rijiyar kakansa har aka kira azahar. Takardar sa hannu kuwa, na ƙirga mutum talatin a ɗaki, ita ta ƙirga arba'in da bakwai.

Da aka dawo gwani ya ci gaba, a shafi na arba'in da ɗaya mai ya ƙare, janareto ya yi tari ya mutu, bango ya koma zanin gado. Gwani ya tsaya kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki.

Can baya wani dattijo ya taso. Ya duƙa a bakin ƙofa ya ɗebo rairayi, ya zuba a kan tebur, ya hura, ya watse har kan takardun wakilin gwamna. Ya sake tarawa, ya karya tsinken tsintsiya ya kafa su a jere, ya hura. Rairayi ya tsaya a gindin tsinke.

"Ɗana, abin da kake ta faɗa tun safe ke nan?"

"Shi ne, Baba."

"To shingen kalimbo da kaba mun iya. Amalanken da za ta kai su kan tudu ce ba mu da ita."

Masu barci ma sun ji wannan. Har yau a kasuwa ana kwaikwayon hurawar Baba, ba wanda ya riƙe ko shafi ɗaya cikin sittin. Gwani ya ciro salula ya ɗauki hoton tsinken, ba na shakka yanzu shi ne shafi na sittin da ɗaya, da kanun Faransanci a kansa.

Da yamma aka raba ambulan, kowa jika biyar, har da mutum sha bakwai da ba a gani ba. Aka duba jeri sau biyu, babu sunan Baba. Ashe cajin salula ya kawo shi, ya ji an ce akwai janareto.