Sati Biyu Za a Gama

Daga Kabo zuwa Gwarzo ba a rasa ruwan kallo. Ga madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada, ga babbarsu ta Challawa can Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Sai dai duk wannan ruwan hukuma ne. Abin da ake yayi yanzu shi ne mutum ya mallaki nasa tafkin a ƙuryar gida: a haƙa rami mai tsawon ƙafa goma sha biyu, faɗi ƙafa goma, zurfi ƙafa huɗu, a jera bulo, a shafe da siminti, a zuba 'ya'yan tarwaɗa, bayan wata biyar ko shida a kira masu suyar kifi su zo da kuɗinsu. Duk birkilan da ka tambaya a garin Kara zai ce maka aikin sati biyu ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sama da ƙasa ne kawai ba sa wurin lokacin da aka yi cinikin.

Da rani akwai masu aiki, amma ƙasa ta ƙeƙashe, ruwan kwaɓa siminti ma sai an saya a wurin 'yan garuwa. Da damina ƙasa ta yi laushi, ruwa kyauta ne, amma leburori sun koma gona, ramin kuma yakan cika tun ba a gina shi ba. A wannan tsakanin ne kowa yake fito da halinsa.

Mai gaggawa shi ne ya fi yawa. Kuɗi ne suka shigo masa a watan Mayu, ya sayar da ragowar masara ko ya kwashi adashi, kuma ya san in suka kwana uku a aljihu biki zai cinye su. Sai ya ce a yi maza a gama kafin ruwa ya sauka. Ranar Alhamis an gama haƙa, an tara ƙasar a bakin ramin, tifa ta juye yashi a ƙofar gida, buhun siminti goma na jingine a zaure. Cikin dare hadari ya taso daga gabas. Da gari ya waye ƙasar da ya biya aka fitar ta koma inda ta fito, gefe guda na ramin ya zaftare, yashin ya bi kwata ya sauka a ƙofar maƙwabci, simintin da ke daidai inda zauren ke yoyo kuwa ya zama dutse a cikin buhunsa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Ruwan bazara ne, ba mai zama ba ne." Ya je fadama ya yi hayar injin ban-ruwa, aka shimfiɗa tiyo, aka zuƙe ramin. Bayan kwana biyu aka sake sheƙawa. Haka za a yi ta yi, shi yana kwashewa Allah yana zubawa, har kuɗin fetur ya wuce kuɗin bulo. Kafin marka ta kankama a watan Agusta ya riga kowa fara kiwo a unguwar, illa dai kwaɗi ne, kuma duk layin sun san da zamansu, don ba mai yin barci.

Kishiyarsa shi ne mai jiran lokaci. Wannan ya kafa turaku huɗu ya zagaye su da igiya, daga nan bai ƙara ɗaga diga ba. Ka tambaye shi da damina, ya ce wane mahaukaci ne ke haƙa cikin ruwa. Da kaka, ana girbi. Da hunturu, ya ce iska tana tsaga filasta. Da bazara, rijiyoyi sun ja baya. In duk waɗannan sun wuce, ga azumi ya ƙarato. Abin haushin shi ne duk hujjojinsa gaskiya ne. Busasshiyar iskar hunturu takan tsotse ruwan da ke jikin shafe kafin ya kama, sai ka ga bango ya yi zane-zane. Siminti yana son a yi masa ban-ruwa safe da yamma na aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Mutumin ya san wannan duka, ya fi birkilan sani. Ilimin nasa dai bai taɓa cika kwanon sarki ɗaya da ƙasa ba. Akuya ta cinye igiyar, uwargida ta shuka yakuwa da kuɓewa a tsakanin turakun, kuma in za a faɗi gaskiya, wannan fili bai taɓa kawo riba irin ta bana ba. Duk shekara sai ya je ya tambayo kuɗin buhun Dangote da na BUA, ya dawo yana salati.

Shi kuwa birkila, mutumin kirki ne, amma manomi ne kafin ya zama birkila, haka ma yaransa. Ranar da aka yi ruwan shuka wayarsa a kashe take. In ka yi sa'a ka tare shi a masallaci da asuba, zai gaishe ka har ƙasa ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, gona ba ta jira, rami kuwa ina za shi?" Bayan shuka ga noman fari, bayan noman fari ga maimai, ga zuba taki. Ya karɓi kafin alƙalami a gida huɗu, kuma a kowane gida ya bar shaida: nan tsohon shebur mai karyayyen ƙota, can kwanon sarki mai huji, gaba baro marar taya. Duk lokacin da mai gida ya fusata, sai ya kalli shebur ɗin ya ce ai kayan aikinsa na nan, dole ya dawo. Zai dawo kuwa. In ya dawo ya tarar bango ya karkace, laifin ƙasa ne. In bangon ya tsaya, hannunsa ne.

Ranar zuba kankaren daɓe kuma sai masana sama sun hallara, ba tare da an aika musu goro ba. Iri biyu ne. Akwai dattijon da ke karanta hadari da ido, da tururuwa, da ciwon gwiwarsa. Zai ɗaga kai ya ce, "Ku zuba abinku, wannan na mutanen Dayi ne, wucewa zai yi." Akwai kuma saurayin da ke karantawa a waya. Shi ya san hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin saukar ruwa da na ɗaukewarsa, ya kuma haddace na Kano. Zai ce, "Baba, waya ta ce yiwuwar ruwa kashi talatin ce cikin ɗari." Ba wanda ya san abin da za a yi da kashi talatin. A zuba kashi saba'in na kankaren ne? Ana cikin musu birkila ya riga ya kwaɓa, kwaɓaɓɓen siminti kuwa ba ya jiran a gama gardama. La'asar na yi ruwa ya kece, aka yi ta guje-guje da tabarmi da ledar shanya da buhunan taki. Da aka ɗauke, dattijo da saurayi suka fito daga zaure kowa na cewa ai ya faɗa. Dattijon ya ƙara da cewa wannan ma ruwa ne? Ina kuke a watan Agustan 1988, da madatsar Bagauda ta ɓalle? Wannan labari bai taɓa busar da daɓen kowa ba, amma sai an saurare shi har ƙarshe.

Na fi tausayin mai cewa ƙasar gari duk ɗaya ce. Ya ga na maƙwabcinsa ya yi kyau, sai ya kwafi awon, ya kwafi lissafin. Ƙasar yankin nan kuwa hawa-hawa ce: rairayi a sama, jar ƙasa a ƙarƙashinsa, sai marmara, sai dutse, kuma ba dole ne kaurinsu a gidanka ya zama kaurinsu a gidan da kuke katanga ɗaya ba. Wani ƙafa biyu kawai zai sauka ya ji diga ta yi ƙara tana tartsatsin wuta. Daga nan lebura zai ajiye ta ya ce wannan ba jingarsa ba ce, sai a nemo masu fasa dutse. Su kuma su tara itace da tsofaffin tayoyi a kan dutsen su cinna wuta, ya kwana yana ci, da safe su kwara ruwa su bi shi da guduma, ya ɓantare kamu ɗaya, gobe a sake. Hayaƙin ya baƙanta shanyar gida uku, har maganar ta kai gaban mai unguwa.

Wanda gidansa ke gangaren fadama kuma laka ce rabonsa. Haƙa ba wuya, sai dai da damina ruwa daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, ko sama ba ta zubar ba. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, tana tsukewa in ta bushe, bangon bulo kuma ba ya iya bin ta a wannan kai-komo. Tafki zai yi lafiya lau har ƙarshen shekara, watan Maris na zuwa a ga tsaga tun daga baki har gindi. Akwai ma wanda ya gina nasa a kan tsohon kududdufin da aka cike da shara shekarun baya. Shi nasa daɓen nutsewa ya yi a hankali, gefe guda, har ruwan ya koma kusurwa ɗaya ya taru.

Daga cikin waɗannan ake samun mai zargi. Ya cika tafki da yamma, da safe ya ga ruwa ya ragu da taƙi guda. Ba zai duba bango ba. Da farko yaran maƙwabta ne ke sata da bokiti. Da ya kwana yana gadi bai kama kowa ba, sai maganar ta koma baki, daga baki ta koma mutanen ɓoye. A yi turare, a binne laya a kusurwa huɗu. Saiwar darbejiyar da ke tsaye taku uku daga ramin kuwa tana can ta ratsa ƙarƙashin bulo tana shan rabonta, ba wanda ya tuhume ta.

Sai Alhajin da ya sauka a wani otal a Abuja ya dawo da buri. Shi ba kifi yake so ba, wurin ninƙaya yake so, mai shuɗin tayil da tsani na ƙarfe. An yi masa. Sati na farko an ɗauki hotuna. Da hunturu ya buso, ƙura da busasshen ganye suka sauka a kai, ruwan ya koma kamar kunun tsamiya, sanyi kuma ya hana ko yatsa a tsoma. Da zafi ya zo, lokacin da ake son shiga, rijiyar burtsatsen gidan ba ta iya cika shi, injin tace ruwan yana jiran wuta, wutar tana jiran ranar da ta ga dama. Agwagin gidan ne kaɗai suka fahimci manufar aikin. Yanzu tarwaɗa ce a ciki, kuma duk ƙaramar hukumar babu kifin da ke kwana a kan tayil sai nasa.

Uwargida ba ta cikin masu ba da dariya. Ita ce ta ce tun farko a bari sai bayan kaka, aka ce mata harkar maza ce. Ita ke riƙe da lissafin abin da ramin ya ci, har da ragon da aka ce aro ne. Kuma ita kaɗai ke kallon ramin ta ga abin da yake: ruwa mai zurfin ƙafa huɗu a gidan da ke da mai rarrafe. "Malam, ko dai a kewaye ramin nan yau, ko in kwashe yaran mu tafi gidanmu sai an gama." A nan ina bayanta ɗari bisa ɗari. Buɗaɗɗen rami da damina hatsari ne ga yara, gidan sauro ne kuma a daidai watannin da zazzaɓi ya fi kwantar da mutane. Ƙyauren langa-langa da 'yan itatuwa ba su kai kuɗin buhun siminti biyu ba, amma sai an yi rigima ake kafa su.

Akwai mutum ɗaya a garin da ya san amsar duk wannan, shi ne tsohon mahaƙin rijiya, kuma ba a tambayarsa sai an lalata. Ya shiga cikin ƙasar garin ya fito sau da yawa, ya san layin da marmara ke kusa, ya san inda laka ta fara. In ka kira shi, ba ya dogon bayani. Zai sa a haƙa ɗan rami iya ƙugu, ya ɗebi ƙasar gindin ya jiƙa ya dunƙula a tafin hannu, ya murza ta ya ga ko za ta yi igiya ko za ta wargaje. Sai ya ce a cika ramin da ruwa, gobe zai dawo ya ga abin da ya rage. Shawararsa ba ta canzawa: a fara da ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa da sauran danshi, rijiyoyi a cike, kuɗin amfanin gona a hannu, samari ba su tafi ci-rani ba tukuna. A kwashe ƙasar haƙa nesa da baki. A cika ramukan bulo da kankare, a sa rodi a kusurwa. In an gama a jiƙa tafkin, a zubar, a sake jiƙawa, har kaifin sabon siminti ya fita, don shi ke kashe ƙananan kifi. Mai gaggawa ya ji wannan na ƙarshen ya ce tsoho ya cika tsawaitawa, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyar washegarin cika tafki. Kajin gidan sun yi kwana biyu suna walima.

Wanda ya gaji kuma yakan yanke shawarar da ake ta yi yanzu: ya sayo tafkin tamfol, a kafa masa a kan ƙasa da bututun ƙarfe, ba haƙa ba shafe, yini ɗaya an gama. Saura ramin da ke tsakiyar gida, wanda dole a cike. Ya kira leburorin da suka haƙa, suka ce cikewa ma jinga ce. Ya yarda. Da suka zo da shebur sai aka nemi tulin ƙasar aka rasa. Ashe tun bara maƙwabta ke ɗiba da kwano-kwano, wannan zai yi yaɓen katanga, wancan zai toshe zaizayar ƙofar gida, kowa kuma da izinin yaran gidan ya ɗiba. Tifa biyu ta ƙasa ya saya, kuma direban ya ce ba zai shigo layin ba sai hanya ta bushe.