Salsalar Hujin Rigata

Ranar Talata aka kawo mini wanki. Na warware farar shaddar da nake ji da ita, wadda nake tanadi don ɗaurin auren Asabar, sai ga huji a daidai ƙirji, kusa da bakin aljihu, gefensa ya yi baƙi ya ƙanƙance, ɗan yatsa na shiga har gaɓa ta biyu. Na aika a kira mai wankin. Na riga na shirya kunnena don ɗaya daga cikin amsoshin da muka gada kaka da kakanni: tsautsayi ne, ko yaro ne ya yi, ko wallahi haka na same ta. Da ya kawo ɗaya daga ciki, da an yi 'yar hayaniya, maƙwabci ya leƙo ya ba da haƙuri, kowa ya kama gabansa. Bawan Allahn nan sai ya ɗaga rigar sama, ya leƙo ni ta cikin hujin da ido ɗaya, ya gyara murya, ya ce, "Alhaji, a gaskiya wannan lamari ba ya rasa nasaba da cire tallafin man fetur."

Na ce, "Malam, da fetur kake guga?"

Ya ce a'a, da gawayi. Amma in saurare shi. Tun da aka cire tallafi kome ya tashi, Naira ta faɗi, iskar gas ta fi ƙarfin matan gida, matan gida suka koma gawayi, gawayi ya yi tsada, shi kuma ya koma sayen na ƙasan buhu, mai ɓarɓashi, wanda ba ya ci sai da tartsatsi. Tartsatsin ne ya fito ta ƙofar dutsen guga ya sauka a ƙirjina. Ya kai aya, ya ninke rigar da kyau, hujin a ciki, ya miƙo mini da hannu biyu, ya kuma tsaya jiran kuɗin wanki.

Ban ga laifinsa sosai ba. Akwai wata 'yar rediyo da ke rataye a reshen darbejiyar da yake guga a ƙarƙashinta, ba a kashe ta daga labarun asuba har na dare. Wanda ya shekara goma yana shan wannan hayaƙi, dole wata rana ya yi tari da shi.

To amma ni a gidanmu ba a wasa da nasaba. In aka ce yaro na neman 'yar gidan, tsofaffi biyu ake tayarwa, a ba su kuɗin mota da goro, su tafi garin su yaron. Ba gidansu za su fara sauka ba. Majalisar bakin masallaci za su zauna, su yi kamar sun zo cin kasuwa, su bi da dabara: wane ne ubansa, wane ne kakansa, daga ina suka taso, me ya taso da su, gidan malamai ne ko na maƙera, akwai abin da ake gudu a jininsu ko babu. Har yau mutanen unguwar Sharifai a Kano suna jingina asalinsu da zuwan Shehu Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shekara ɗari biyar da ɗoriya ke nan, ba su sake shi ba. Wazirin Sakkwato Junaidu littafi sukutum ya rubuta a kan tarihin Fulani. Abin da ake tara furfura a kansa ke nan. Saboda haka tun da an ce hujin rigata na da nasaba, sai na ɗauki takarda na yi masa irin binciken da ake yi wa mai neman aure.

Ga abin da na samo. Huji ɗan Tartsatsi ne, ɗan Gawayi, ɗan Tsadar Gas, shi kuma ɗan Faɗuwar Naira. Kakansu na sama shi ne jawabin cire tallafi na ranar 29 ga Mayun 2023 a dandalin Eagle da ke Abuja, wanda kafin mako ya zagayo litar fetur ta bar ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Kano. Wannan ta wajen uba ke nan. Ta wajen uwa abin ya fi tsawo, domin an tabbatar mini a majalisa cewa tsadar gas ɗin ita ma ba ta rasa nasaba da yaƙin da Rasha ta buɗe da Yukren a Fabrairun 2022. Ashe Putin kawun Huji ne. Ashe duk kwanakin nan ina rataye da jinin fadar Kremlin a jikin ƙusa, a bayan ƙofa, tare da tawul.

Yanzu ka ga na shiga tsaka mai wuya. Mai irin wannan asali ba a kai shi wurin ɗan dakko ya ɗora masa faci. Cin mutunci ne. Matar gida ta ce a sa masa ɗan aiki da zare a rufe, na ce ta yi hattara da bakinta, ba a binne mai dangi a ɓoye. Tunanin da nake yi shi ne in sa rigar haka ranar Asabar, in an kawo katin ɗaurin aure na gaba in ce a rubuta sunan Huji a jerin iyalan da ke gayyata, tsakanin iyalan marigayi Alhaji wane da na Hakimin wane. Wa ya fi shi dangi a wurin? In an zo gaisawa da manya, shi zan tura gaba. In ma aka yi sa'a wani mai sarauta ya lura da shi, ba mamaki a naɗa shi wani abu, tunda yanzu an naɗa waɗanda salsalarsu ba ta kai rabin tasa ba.

Na bi takardar nan daga sama har ƙasa, na juya bayanta. Mutum ɗaya ne tak ba ya cikin dangin, ko a matsayin agola: wanda ya riƙe dutsen guga.

Su 'yan jarida da suka yaye mu da wannan magana ta "ba ya rasa nasaba" ina yi musu uzuri. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, mai karanta labarai na zaune ne tsakanin wuta biyu: yana son ya faɗi abin da kowa ya sani, ba ya son lauya ya aiko masa da takarda. Sai ya samo mafita mai ƙofa biyu. Bai ce shi ne dalili ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Cewa ya yi bai rasa ba. In ka kama shi ta nan ya zame ta can. Wannan dabarar mai albashi ce da ke tsoron kotu. Ina ruwan mai wanki da kotu?

Amma je ka zaga gari ka ji. Gishiri ya yi yawa a miya, hakan ba ya rasa nasaba da ɗauke wuta. Yaro ya zo na arba'in da biyu a aji mai mutum arba'in da uku, sakamakon ba ya rasa nasaba da sauya malamin lissafi. Maigida ya shigo ƙarfe ɗayan dare yana ƙamshin tsire, jinkirin ba ya rasa nasaba da halin da ƙasa ke ciki. Tela kuwa ya daina ɓuya ranar jajibirin Salla. Yana zaune a kan kekensa, yadinka ko yankawa bai yi ba, zai yi maka sharhin bayan labarai.

Duk wannan da sauƙi, ana dariya a wuce. Inda raina ke ɓaci shi ne inda ake lulluɓe gawa da ita. Jirgin ruwa ya kife a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, cike da ɗaliban Islamiyya. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Maiduguri, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994. Irin wannan in ta faru, bakin da za ka fara ji a gari shi ne ba ya rasa nasaba da lodin da ya wuce kima, ba ya rasa nasaba da mamakon ruwan sama, ba ya rasa nasaba da sauyin yanayi. Lodi da kansa yake hawa jirgi? Babu wanda ya karɓi kuɗi a bakin ruwa ya ce a ƙara mutum biyar? Babu wanda aikinsa ne ya duba bangon madatsa, yana kuma karɓar albashi a kan haka duk ƙarshen wata? Sauyin yanayi ba shi da ofis, ba shi da lambar waya, ba a kiran sa gaban kwamiti, shi ya sa kowa ke son haɗa dangi da shi. A garin da ake iya gano kakan kakan mai neman aure cikin yini biyu, an kasa gano sunan wanda ya sa hannu a takarda.

Bari in sha ruwa.

Tun da an taɓo asali, akwai wata annobar da ke cin raina a Facebook. Da can mutum garinsu yake liƙawa a sunansa, ba ƙari ba ragi: Aminu Kano, Sa'adu Zungur, Shehu Shagari. Kana ji ka san motar da za ka shiga in kana neman danginsa. Malamai kuma suna da tasu hanyar ta Larabci, kuma da guminsu suka same ta. Muhammadu Alkashinawi da ƙafarsa ya bar Katsina, ya yi Hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu a kan lissafin hatimi, a can ya rasu a 1741. In an ce masa Alkashinawi a Masar, an faɗi inda ya fito ne don kada a ɓata.

Yanzu kuwa yaro yana Kurna, abokansa duk suna Kurna, wanda ya fi nisa yana Rijiyar Lemo, amma sunansa Abu Fulan Alkanawy Assudany Al-Ifriqy. Wa ya yi maka musu? Wa ya ce daga Sin kake? Wani ɗan 'yar'uwata ya wayi gari Al-Azhary. Na bincika, ashe jirginsu na Umara ne ya yada zango a filin jirgin Alƙahira, ya sha shayi a kofin takarda, ya ɗauki hoto a jikin gilashi. Ko rigar jami'ar Azhar bai hango ba. Na kira shi na ce, "Kai, yaushe ka yi karatu a Masar ban sani ba?"

Ya ce, "Kawu, ai ba cewa na yi na yi karatu ba. Alaƙa ce ta zuciya."

Na ce to Allah ya ƙara zumunci. Ya ce amin, kuma don Allah in akwai hali in taimaka masa da na data, mabiyansa na jiran darasin dare.