Taƙaitaccen Bayani a Kan Ciwon Ɓarin Suna

Ɓarin suna ciwo ne da ke kama bakin wani, amma wani dabam ke jin zafinsa. Shi ya sa har yau ba a ware masa ɗaki a asibiti ba. A tsakiyar Jihar Katsina ya fi yaɗuwa a kan hanyar da ta taso daga birni ta ratsa Kurfi ta sauka Dutsin-Ma, musamman tun 2011 da aka kafa jami'ar tarayya a garin, harsuna suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa.

Sunan garin ne ke fara shan wuya. An ce wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a dutsen, shi ne aka ce Dutsin Ma. Shi Ma ya tsira, don ba a taɓa samun wanda ya kasa kiran sunansa ba. Dutsen ne ya shiga uku. Furta "ts" sai mutum ya maƙe maƙogwaro, ya tara iska a bayan haƙora, ya sake ta farat ɗaya. Baƙo kuwa yakan raba aikin gida biyu ya ce Dut-sinma, ko ya zubar da "t" ya ce Dusinma, ko ya birkita haruffan su koma Dustin Ma, sai ka rantse wani ɗan fim ne daga Amurka ya zo ganin madatsar ruwa ta Zobe. Wanda ciwon ya ci ƙarfinsa yakan datse wutsiyar ya ce Dutse. Wannan ya fi hatsari, domin Dutse tana Jigawa, ita ma ta sami tata jami'ar tarayya a 2011 ɗin, kuma 'yan kamasho ba sa musu da fasinja.

Daga gari ciwon kan sauko kan mutane ta hanyar rajistar aji da kwamfutar ofis. Tun shekarun 1930 aka tanadar wa Hausa haruffa masu lanƙwasa, amma kwamfuta tana ganin lanƙwasa sai ta miƙar da ita, a ganinta taimako ta yi. Ɗahiru ya shiga, Dahiru ya fito. Baƙo ya koma Bako. Hamza kuwa, wannan ɗan waƙafin da ke rataye a tsakiyar Sa'idu da Mu'azu da Rufa'i, na'ura kan ce ba ta san da zamansa ba, a cire shi kafin ta karɓi takarda. Ɗan bautar ƙasa ya tsaya gaban aji ya kira "Mazu!" har sau uku, Mu'azu na zaune yana waige-waige tare da kowa, yana neman wannan sabon ɗalibi. Aka sa masa alamar bai zo ba.

Kurfi ta fi rikita mai nazari. A rubuce ba ta da lanƙwasa ba ta da hamza, ga ta fes. Sai dai Bakatsine bai cika shiri da "f" a irin wannan wuri ba. Wanda ke cewa "tahi" ai Kurhi zai ce. Ita ma "ts" ɗin, in ta zo gaban "i", a bakin tsofaffin ƙasar takan karkata wajen "c". Ke nan wanda ya kira sunan daidai yadda aka rubuta shi a allon bakin hanya, ya tona wa kansa asiri cewa ba ɗan gari ba ne. Bakano da ke wa ɗan kudu dariya, sai ya yi hattara.

Shi mai sunan yakan fara da gyara cikin ladabi: "Yallaɓai, Ɗahiru ne." Daga nan ya koma gyara da nuni, yana taɓa maƙogwaronsa. Daga baya sai ya riƙa amsa duk wani sauti da ya yi kama da nasa. Matakin ƙarshe shi ne ranar da ya tsaya gaban tagar akawu ya ɓarar da sunansa da bakinsa, don a gano fayil ɗinsa kafin a tashi sallar Azahar. Likitoci ba su da abin cewa a nan, tunda fayil ɗin yakan fito.

Wasu na zaton muƙami magani ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya yi shugaban ƙasa har 2010, amma masu karanta labarai da Turanci suka cinye hamzarsa duka biyun, suna ta kiran Yaraduwa safe da yamma. Saboda haka ba a ba Mu'azun Kurfi shawarar ya tsaya takara don neman sauƙi.